Wata takwas ina zuwa wani ɗakin kine a Maraɗi: abin da na biya da abin da bayana ya samu

Tun ranar da aka sake ganina cikin filin ƙwallo da safiyar Lahadi, bayan ciwon baya ya zaunar da ni, mutane suke tare ni a bakin rumfa da tambaya guda: "Alhaji, wane magani ka sha?" Wasu har takarda suke miƙo mini in rubuta musu sunansa. In na ce wurin kine na je, wato ma'aikacin lafiya mai gyara jiki da tausa da motsa jiki, sai in ga fuska ta canza kamar rowa nake yi musu. To ga bayanin nan gaba ɗaya, da kuɗin da na kashe, da abin da na yaba, da abin da har gobe yake damuna game da wurin. Sunan ɗakin ne kawai ba zan faɗa ba, saboda akwai ƙorafi cikin maganata, kuma ba na son in taɓa wa mutum abincinsa a bainar jama'a.

Shekarata 46. Aya da wake nake saye a kasuwannin wajen Cadawa da Gazawa in kawo gari. Shekara ashirin da ɗoriya ina bisa moto a hanyoyin nan, kuma duk da akwai yara masu dako, ban taɓa iya tsayawa ina kallo ana lodi ba tare da na kama kunnen buhu ba. Ƙwallo kuwa tun ina yaro a Bagalam. Ban kai ga manyan ƙungiyoyin garinmu, Ɗan Kasawa ko Jangorzo, ba, wasan unguwa na yi har gemu ya fara fari. Ɗan baya ne ni, kuma ƙungiyarmu ta beteran, wato tsofaffin ƴan wasa, ba ta fashin Lahadi sai in azumi ya kama ko an yi rasuwa.

Ciwon a hankali ya shigo. Kusan shekara uku ƙugu yana riƙe mini da asuba, in na ɗan zagaya ya saki. Kowa ya ce basir ne. Na sha jiƙo iri-iri, wanzami ya yi mini ƙaho sau biyu, a gida ana shafa mini man kaɗanya da man zafi. Ƙahon yakan ba ni sauƙin kwana biyu, ba zan yi masa ƙarya ba, amma rana ta uku ina nan inda nake. Sai wata rana cikin kaka, ina sunkuye ina ɗaure bakin buhu, ko ɗagawa ban yi ba, na ji kamar an soka mini basilla mai wuta a ƙugu, ta bi ɗuwawun hagu, ta gangara bayan cinya har ƙwauri. Kwana 11 a kan kujera na yi sallah.

Likita ya sa aka ɗauki radiyo, wato hoton ƙashi, daga baya aka yi sikana, hoton da ya fi nuna ciki. Takardar ta fito da Faransanci: "discopathie dégénérative L4-L5, L5-S1". Maƙwabcin da ya fara karanta mini ita ya girgiza kai ya ce, "Ƙashin bayanka ya zaizaye, ƙwallo kam sai dai kallo." Wannan maganar ta shige ni fiye da ta likitan, wanda ya rubuta mini maganin zafin ciwo na ƴan kwanaki, ya ja kunnena cewa diklofenak yana taɓa ciki da ƙoda in aka daɗe a kansa, sannan ya rubuta mini zama 10 wurin kine. Takardar kinen ta yi wata biyar cikin aljihun babbar riga. Ina ganin mi tausa za ta yi wa ƙashin da ya riga ya ci. A watannin nan na daina tafiya mai nisa, na daina ɗaukar ko buta cike, tumbi ya fito, barci ya lalace. Mutum biyu sun miƙo mini tramol a kasuwa da kyakkyawar niyya. Na ƙi, domin na ga abin da ya yi wa yaran da na sani masu kabu-kabu. Ɗan yayana da ke karatun likita a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo shi ne ya zo wata Asabar ya ce, "Baba, yau ko ka yi fushi da ni sai mun je." Ya goya ni a moto, yana kauce wa ramuka ɗaya bayan ɗaya.

Wurin gida ne aka mayar ɗakin aiki. Zauren shi ne wurin jira, benci biyu da randa. Ciki akwai gado uku da labule a tsakani, keken da ake tuƙawa a tsaye, ƙarafa biyu na koyon tafiya, babban ƙwallon roba, tabarmin roba a ƙasa, fitila ja mai zafi, da wani ɗan akwatin lantarki mai wayoyi. Tsabta ba laifi. Ana canza zanen gado bayan kowane mutum, na sa ido na gani. Mai wurin matashi ne, a ganina bai kai 35 ba. Ina ce masa likita, shi kuma kullum sai ya ce, "Alhaji, ni kine ne, likita shi ne wanda ya turo ka."

Ranar farko ita ce ta sa na ci gaba da zuwa, don haka bari in tsaya a kanta. Na miƙa masa ambulan ɗin hotuna, ya aje gefe bai buɗe ba. Tambayoyi ya fara jero mini. Fitsari yana fita daidai? Ina iya riƙe shi? Bayan gida fa? Tsakanin cinyoyi da wurin zama akwai inda ya mutu ba na ji? Ƙafa tana kuɓuce mini in ina tafiya? Ina zazzaɓi ko gumin dare? Na rame ba dalili? Ina tari? Na faɗi daga moto? Wasu tambayoyin sun ba ni kunya gaban yaro, sai ya sa ɗan yayana ya fita zaure. Da muka gama ya ce mini, duk wanda ya amsa da i a waɗannan, wurinsa asibiti ne a ranar, ba gadon kine ba. Jijiyoyin da ke kula da fitsari da bayan gida in aka danne su, jinkirin kwana ɗaya ma yana iya barin mutum da naƙasa. Kuma a ƙasarmu tarin fuka yana kama ƙashin baya, mutum ya yi ta shan jiƙon basir alhali ƙashi na ruɓewa. Na rubuta wannan da kyau saboda na san akwai mai karantawa da zai ce shi ma irin ciwona ne da shi, ya kama motsa jiki. A fara da likita.

Sannan ya sa na yi tafiya a kan duga-dugai, na dawo a kan ƴan yatsu. Ya buga mini ƴar guduma a gwiwa da bayan idon sawu. Ya kwantar da ni ya ɗaga ƙafar hagu a miƙe, ba ta yi nisa ba wutar ta taso. Sai a lokacin ya buɗe hotunan, ya jawo wani ƙashin baya na roba daga kan tebur.

Ya nuna mini ƙasusuwa 5 na ƙugu, waɗanda ake ƙirgawa L1 zuwa L5, da faffaɗan ƙashin da suke zaune a kai. Ya ce, "Kai mai kaya ne, ka san gammo. Tsakanin kowane ƙashi da ɗan'uwansa Allah ya sa gammo, gefensa da tauri, tsakiyarsa da laushi, kuma galibinta ruwa ne. Shekaru in suka ja, ruwan yana raguwa, gammon ya kwanta. Na ƙasan nan biyu su suke ɗaukar nauyi mafi yawa, shi ya sa su suka fi gajiya, ba a kanka aka fara ba." Ya nuna mini ƴar ƙofar da jijiya ke fitowa kusa da gammon, ya ce ita ce take haɗuwa da wasu ta zama babbar jijiyar da ke bin ɗuwawu har tafin ƙafa, wadda ta fi kowace jijiya girma a jikin mutum. Abin da nake ji a ƙwauri, a ƙugu tushensa yake.

Na ce masa, to tunda ya zaizaye ai magana ta ƙare. Sai ya ɗauko wayarsa ya nuna mini wani jadawali na binciken da aka wallafa a 2015, inda aka tattara hotunan bayan mutanen da ba su da ciwon baya ko kaɗan. Cikin ƴan shekara 20, kashi 37 cikin 100 an ga irin wannan gajiyar gammo a hotonsu. Ƴan shekara 40, kashi 68. Ƴan 50, kashi 80. Ƴan 80, kashi 96. Ya ce, "Alhaji, in aka kwashi ƴan beteran ɗinku duka aka shigar da su na'ura, mafi yawansu takardarsu irin taka za ta fito, kuma ga su can suna gudu. Furfura ce, sai dai ta ciki." Ya ƙara da cewa gammon babba kusan ba shi da hanyar jini tasa, da motsi yake samun abincinsa, a matse shi a saki kamar soso cikin ruwa. Wato wata biyar ɗin da na yi ina lallaɓa bayana a kan katifa, yunwa na bar shi da ita, naman da ke riƙe da shi kuma ya saki.

Na fita daga ɗakin nan ciwon yana nan, amma tsoron ya ragu da rabi.

Ga ƙorafina na farko, kuma shi ne babba. Zama huɗu da suka biyo baya ban ga mai wurin ba sai gaisuwa. Yaronsa ne yake kwantar da ni, ya kunna mini jar fitila minti 15, ya manna mini wayoyin lantarki minti 15, ya ɗan murza mini baya, hannu ɗaya a jikina ɗaya a wayarsa, in biya jikka 5, wato sefa dubu biyar, in tafi. Daɗi kam akwai, amma kafin in kai gida ya baje, daidai da ƙaho. A zama na biyar na ce sai na ga mai gidan. Na ce masa ba abin da ya faɗa mini ranar farko ke nan ba. Bai musa ba. Ya ce mutanenmu da yawa in ba a jona musu na'ura ba gani suke ba a yi musu aiki ba, in ka ce su kwanta ƙasa su ɗaga ƙafa sai su ce sun biya kuɗi an sa su wahala, ba su dawowa. Na fahimci uzurinsa, amma ban karɓa ba. Jikka 20 ta tafi a kan ɗumi. Wanda zai je, tun ranar farko ya buɗe baki ya ce motsa jiki ya zo koyo.

Daga ranar aiki ya canza, kuma shi da kansa ya riƙa tsayawa a kaina. Abubuwan ba su da yawa, kuma duk a kan tabarma ake yin su. In yi rarrafe, in miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya, in riƙe ina ƙirga goma, in canza. Yakan ɗora kofin roba a gadon bayana, in ya faɗo to na karkace, a sake. In kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, in ɗaga ƙugu sama da ƙarfin ɗuwawu. In kwanta a gefe, in tokare da gwiwar hannu, in ɗaga ƙugu daga ƙasa. Ranar farko ƙirga shida jikina ya kama rawa, ni da nake ganin ina ɗaga buhu. Ya ce ƙarfin hannu daban, juriyar naman da ke kewaye da ƙugu daban, kuma ita ce ɗamarar da aka halicce ni da ita.

Wanda ya fi yi mini amfani shi ne na sanda. Ya ɗauko sandar makiyaya daga bayan ƙofa, ya sa na riƙe ta a bayana a tsaye, tana taɓa ƙeya, da tsakanin kafaɗu, da ƙarshen ƙugu. Ya ce in sunkuya ba tare da ta rabu da wuraren nan uku ba. Na gwada, nan take ta bar ƙugu, domin ni da baya nake lanƙwasawa tun tasowata. Ya dafa ƙasusuwan kwankwasona da hannu biyu ya tura su baya, ya ce, "Nan ne ƙyaure yake, Alhaji. Tura ɗuwawu baya kamar za ka rufe ƙofa da su, ka ɗan saki gwiwa." Sai na ji nauyin ya koma bayan cinya, ƙugu kuma shiru. Na tsaya a haka na ɗan lokaci, sai na gane a ruku'u nake. Irin ruku'un da malamai ke siffanta mana tun muna makarantar allo, hannu a gwiwa, baya a shimfiɗe har in an zuba ruwa ya tsaya. Wata shida rabona da shi cikakke. Idona ya kawo ruwa, shi kuma ya juya yana gyara zanen gado har na natsu.

Ya kuma gaya mini dalilin da asuba ta fi tsanani. Cikin dare gammon yana tsotsar ruwa ya cika, har mutum yakan fi tsawo kaɗan da safe, kuma a wannan lokacin lanƙwasa baya sosai ya fi takura shi. Don haka yanzu in na tashi sai na zagaya tsakar gida na ƴan mintoci kafin alwala, kuma a kan kujera ƴar tsugunno nake yin ta, ba a duƙe ba.

Akwai ƙa'idar da ya ba ni wadda har yau da ita nake auna komai. In ba ciwon maki daga 0 zuwa 10. In ina aiki ya tsaya a 3 ko ƙasa, in ci gaba. In ya wuce, ko gari ya waye bai koma inda yake jiya ba, to na zarce, in rage. Sannan in lura da inda yake tafiya: in yana janyewa daga ƙwauri yana komawa ƙugu, alheri ne ko da ƙugun ya ɗan ƙara zafi. In yana ƙara gangarawa ƙafa, in tsaya in kira shi. A sati na shida ƙwaurin ya yi shiru, a na tara cinyar ma ta bari.

Tafiya ya fara sa ni tun kafin maganar ƙwallo ta taso. Minti 10 bayan la'asar, a ƙasa mai tauri, kowane sati a ƙara biyar. Da ta kai 40 sai na mayar da filin kokawa mazangona, wanda aka sa wa sunan Yakuba Ango Kantu, ɗan Maraɗin da ya ɗauki takobin farko na gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975. In je in taɓa bango in juyo. Mahaifina ya ga kokawarsa da idonsa, kuma ya sha ce mana ɗan kokawa da ƙugu yake tsayawa, ban fahimci zancen da kyau ba sai da nawa ya gaza. Ɗan yayana ya karanta mini wani bincike da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 2024, da mutum 701 waɗanda suka warke daga ciwon baya. Waɗanda aka tsara wa tafiya tare da bayani sun kai kwana 208 kafin ciwon ya sake kayar da su, sauran kuwa 112. Tafiya dai kyauta ce, kuma ni shaida ne. Yashin gulbi kuwa ya hana ni shi sai daga baya, ya ce ƙafa na nutsewa, ƙugu yana biyan bashin.

A wata na huɗu aka shiga gudu: tafiya minti huɗu, sassarfa minti ɗaya, sau biyar, kwana ɗaya a yi kwana ɗaya a huta. Daga nan uku da biyu, har na kai minti 20 ba tsayawa. Sai ƙwallo, ni da bango, da cikin ƙafa kawai. Sai juyi da tsayawa kwatsam, ya jera mini gwangwanaye a tsakar gidan wurin ina zagaya su. Bugu mai ƙarfi da tsalle don kai wa ƙwallo kai su ne na ƙarshe, domin nan ne baya ke lanƙwasawa da murɗewa lokaci guda.

Na yi kuskure sau ɗaya, kuma ya kamata in faɗa. Ya ce in shiga minti 15 in fita. Lahadin farko na kiyaye. Ta biyu muna da mutum goma cif, ana cin mu ɗaya, abokai suna "Alhaji daure, saura kaɗan," na buga wasan har ƙarshe. Litinin ban iya sa takalmi da kaina ba. Na yi kwana biyu ina jin nauyin kiransa. Da na kira, bai yi mini faɗa ba. Ya tambaye ni ƙafa, ya tambaye ni fitsari, ya ce in zo. Ya duba ya ce ba abin da ya lalace, baya ne ya yi fushi, kada in kwanta, in koma tafiya ta minti 15 sau biyu a rana, mu sauka mataki biyu mu sake hawa. Kwana tara ya ɗauka ya lafa. Wannan zaman bai karɓi kuɗina ba. Abin da na fi yaba masa ke nan a duk watannin: da ya so, a ranar zai iya tsorata ni ya rubuta mini sabon zama 10.

Yanzu sauran lissafi. Zama 18 na biya, jikka 5 kowane, jikka 90 ke nan, ban da hotuna da magani. Ga ɗan kasuwa abin ɗauka ne. Ga mai dako ko manomi, waɗanda su ne bayansu ya fi shan wuya, kuɗi ne mai nauyi, kuma ban ga wani rangwame a rubuce ba. A ganina zama takwas zuwa goma sun isa mutum ya koyi komai in an fara aikin gaske tun farko, sauran a gida ne.

Lokaci ba a kiyaye shi. A ce maka ƙarfe huɗu, ka shiga biyar da rabi. Dalilin a bayyane yake, mutum ɗaya ne da yaro ɗaya, ga masu shanyewar ɓarin jiki da ake kawowa a adaidaita, ga yaran da aka yi wa ɗori hannu ya sandare, kuma ba zan ce a bar su a duba ni ba. Amma da an gaya wa mutum gaskiyar lokaci, da bai rufe rumfa a banza ba. In wuta ta ɗauke cikin bazara ɗakin tanda ne. Labulen da ke tsakanin gadaje siriri ne, duk abin da ka faɗa na kusa yana ji, kuma tambayoyin nan ba na kunnen kowa ba ne. Babu takardar da ake ba mutum ta motsin da zai yi a gida, a bayan rasit ya zana mini ƴan mutane da biro, har yau tana manne a bangon ɗakina. Abin da ya fi duka: babu mace ma'aikaciya. Yayata ta fi ni ciwon baya, shekara da shekaru tana daka da ɗaukar ruwa da goyo. Na kai ta, ta leƙa, ta ce ba za ta kwanta namiji ya taɓa mata ƙugu ba, muka juyo. Ni na koya mata abin da na iya a gida, amma ni ba kine ba ne. Na gaya masa wannan baki da baki, ya ce yana nema.

Sai ɗamarar baya da ake sayarwa a teburin shiga, jikka 15. Yaron ya tallata mini ita tun zama na biyu, na saya. Daga baya ɗan yayana ya nuna mini cewa Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin ƙa'idojin da ta fitar a Disamban 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya, ta ce kada a dogara da irin wannan ɗamara, haka ma jan baya da na'ura da magunguna masu bugarwa irin dangin tramol. Abin da ta ƙarfafa shi ne bayani ga mara lafiya da motsa jiki. Na kai wa mai wurin maganar, ya ce haka ne, in dai zan sa ta to sai a doguwar hanya mai gargada, in cire da na sauka. Na ce to ya gaya wa yaronsa. Tana nan rataye a ƙusa, sau uku na sa ta. Hukumar nan dai ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya a 2020. Da na ji adadin sai na tuna layin kujerun da ke ƙaruwa a bayan sahu a masallacinmu, da yawansu ba su girme ni ba.

Masu tambayata ko su je, ina ce musu su je, bayan likita ya duba su. Mutumin ya san aikinsa, yana saurare, kuma in ka nuna da gaske kake zai ba ka lokacinsa. Amma wanda yake son ya kwanta a yi masa, zai kashe kuɗinsa a fitila ya dawo ya ce kine ba ya magani. Ni minti 20 nake yi kowace safiya a kan tabarma, bayan rana ta ɗan ɗaga, har ranar da ba na jin komai. Ban ce kowa zai koma fili ba. Akwai wanda na tarar a can, nasa ya danne jijiya har ƙafa ta fara ja, shi kam mayar da shi wurin likita aka yi.

Bayana bai koma na ɗan shekara 25 ba, kuma hoton in aka sake ɗauka na san abin da zai nuna. In na wuni a moto zuwa Gazawa, da dare yana gaya mini, shi ya sa nake tsayawa a hanya in sauka in taka kaɗan. Buhu na bar wa yara, sai dai in kama musu da gwiwa a lanƙwashe. A fili na bar tsakiyar baya, inda ake tsalle da karo, na koma gefen dama. Rabin lokaci nake bugawa in fita, ko ana cin mu ko muna ci, kuma abokai sun daina roƙona. Lahadin da ta wuce na yi minti 35, na tare ƙwallo biyu, na ba da ɗaya da ta kusa shiga. Da na fito na zauna gindin bedi na kwance takalmina da kaina, na sha ruwa, na taka zuwa gida a ƙafa. Litinin da asuba na ba ciwon maki 1, na yi sallata a tsaye cikin sahu.